Yadda za ka karanta marubutan Amurka da suka tare a Turai

In kana so ka shiga karatun marubutan Amurkan nan da suka bar gida suka koma Turai, to kar ka zuba su a kwando ɗaya, don ba abu ɗaya ya kore su ba. Duk littafin da ka ɗauka fara tambaya tukuna, me mutumin nan ya gudu ya bari, me kuma ya je nema?

Fara da tsofaffin. Henry James ya tare a Landan a 1876, shi a ganinsa Amurka akwai kuɗi amma babu tsohon tarihi da gargajiya irin na Turai. Nemi littafinsa Daisy Miller, gajere ne kuma kyauta ake samunsa a intanet, labarin budurwa ce Ba'amurkiya da ke yawo da saurayi ɗan Italiya a birnin Rum ba 'yar rakiya, ita ko a jikinta, har wata mata ta juya mata baya a gaban jama'a wajen liyafa. Ka lura fa, matar nan Ba'amurkiya ce da ta daɗe a Turai, wato baƙin sun fi masu gida riƙe al'adar.

Daga nan sai ka tsallaka bayan yaƙin duniya na ɗaya, nan ne abin ya juye. Su waɗannan tsantsenin gida suke gudu, an hana sayar da giya a Amurka daga 1920 zuwa 1933, ga dala ta fi kuɗin Faransa ƙarfi sosai, da ɗan abin hannunka sai ka zauna a Paris kana rubutu. Marubuci Ernest Hemingway ya iso Paris ƙarshen 1921. Karanta littafinsa The Sun Also Rises na 1926 a tsanake, mutanen ciki ba aikin fari sai shaye-shaye, amma ina suka nufa? Pamplona a Spaniya, kallon bikin gargajiya na wasa da bijimai, wallahi wannan wajen ya fi komai taɓa ni, sun watsar da nasu suna ƙishirwar na wasu. Haka marubucin waƙoƙi T.S. Eliot, a 1922 ya fitar da The Waste Land, waƙar da ta rusa tsohon salo, amma a 1927 ya shiga Cocin Ingila ya kuma zama ɗan Birtaniya. Don haka kar ka ɓata lokaci kana raba su, wannan ɗan zamani wancan ɗan gargajiya, rigimar a cikin mutum ɗaya take.

Ka ajiye James Baldwin a ƙarshe. Ya sauka Paris a 1948 da dala 40 a aljihu, kuma wariyar launin fata ce ta kore shi. Karanta maƙalolinsa kafin labaran, musamman wadda ya rubuta kan wani ƙauye a Suwizalan inda ba su taɓa ganin baƙar fata ba, sai ka koma ka sake duba yadda Henry James ke yabon tarihin Turai, ka ga ko Baldwin yana da gurbi a cikin wannan tarihin.