Yadda na shawo kan kumburin babban yatsan ƙafa

Bayan naman Babbar Sallah a Katsina yatsan ya kumbura cikin dare, ya yi jajir, ko mayafi ba ya son ya taɓa shi. Likita ya ce gawut ne: yurik asid, wani sinadari da ke cikin jini, ya taru ya daskare a gaɓar.

Na ɗaga ƙafar kan matashi, ina ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 20. An ba ni naproxen, maganin zafi da kumburi, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ya sha. Na bar hanta, ƙoda da lemon kwalba, na yawaita ruwa. Da ya lafa aka fara min allopurinol, maganin rage yurik asid, miligiram 100 kullum, kuma ba a dainawa ko da zafin ya tafi.

In da zazzaɓi ko ciwon suga, a nufi asibiti ranar, kada wanzami ya tsaga.