Babi na 6: Ciwon Diddige da Targaɗen Idon Sawu

Darasi na 1: Nuna wurin da yatsa ɗaya

'Yan uwa, kafin a fara karatu kowa ya cire takalmi, ya zauna, ya ɗora ƙafa a kan gwiwa. A ƙafa ɗaya akwai ƙashi 26, don haka in kun ce wa likita "ƙafata ke ciwo" ba ku gaya masa komai ba tukuna. Ku taɓa waɗannan wurare, kuna faɗin sunansu da baki. Diddige, wanda wasu ke cewa dunduniya. Idon sawu, wato ƙullutun ƙashin nan biyu, na ciki da na waje. Agara, jijiyar nan mai kauri da ta taso daga bayan diddige. Sharaɓa, tsokar da ke bayan ƙwauri.

Yanzu kowa ya sa yatsa ɗaya a inda ciwon ya fi tsanani. Yatsa ɗaya, ba tafin hannu ba. Tambaya uku za a yi muku a mustausaf, wato ƙaramin asibiti: ina ne wurin, wane lokaci ya fi ciwo, kuma kun gurɗe ƙafar ko haka kawai ya fara. Ku shirya amsa tun daga gida.

Darasi na 2: Ciwon diddige na safiya

Alamarsa ba ta ɓuya. Mutum ya tashi sallar asuba, yana taka ƙasa sai ya ji kamar ya taka ƙusa a ƙarƙashin diddige. In ya ɗan yi tafiya sai ya lafa, in ya zauna ya daɗe ya miƙe sai ya dawo.

Tafin ƙafa kamar baka yake, akwai kuma wata faffaɗar jijiya da ta tashi daga diddige zuwa gindin yatsu, ita ce tsirkiyarsa. In nauyi ya yi mata yawa sai ta ji rauni daidai inda ta kama ƙashin diddige. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, da masu jiki, da masu wuni a tsaye kan tayil a shagunan Shari'ul Mansur a Makka, da masu tura keken gajiyayyu a Harami, da iyayenmu mata masu hawa matakalar unguwannin kan dutse ɗauke da kaya. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa tafiyar kusan kilomita 3 ce, yawanci babu takalmi, ga ɗawafi kafin nan. Silifas siriri wanda ya suɗe shi ma yana jawo shi.

Babban maganinsa miƙe sharaɓa, domin in sharaɓa ta ɗaure tana jan diddige, diddige kuma ya ja tsirkiyar. Ga yadda ake yi.

Ku fuskanci bango, ku dafa shi da hannu biyu daidai kafaɗa. Ƙafa mai ciwo ta koma baya taki ɗaya, mai lafiya ta zauna a gaba. Mai ciwo a baya. Yatsun duka biyun su kalli bango. Gwiwar baya a miƙe, gwiwar gaba a ɗan lanƙwashe. Sai ku matsa da ƙugu wajen bango a hankali har ku ji sharaɓar baya tana ja. Diddigen baya kada ya bar ƙasa. Ku tsaya haka daƙiƙa 30. Wanda ba shi da agogo ya ƙirga daga 1 zuwa 30 a natse, ba ƙirgan mai gudu ba. Ku huta, ku sake, har sau 3. Ana yi da safe, da rana, da dare.

To, ga inda kusan kowa yake kuskure a aji: diddige. Da mutum ya fara matsawa gaba sai diddigen baya ya ɗaga, shi bai ma sani ba. In diddige ya ɗaga, sharaɓa ta saki, aikin ya tashi a banza ko da kun ƙirga ɗari. Ba laifinku ba ne, jiki ne ke neman sauƙi, kuma kowa da haka ya fara. Ku yi wannan dabara: ku sa takarda a ƙarƙashin diddigen baya, ku ce wa yaro ya ja ta. In ta fito, diddige ya ɗaga. In ta ƙi fita, madalla, kun iya. Wanda diddigensa ya ƙi zama a ƙasa ya matso da ƙafar kusa da bango kaɗan, ya sake gwadawa. Gara taki gajere da diddige a ƙasa, da taki mai tsawo da diddige a sama.

A sake daga farko. Wace ƙafa ce a baya? Mai ciwo. Gwiwarta fa? A miƙe. Diddigenta? A ƙasa, a manne, kamar an kafa shi da ƙusa. Ja za ku ji a sharaɓa, ba zafi mai suka ba. In ya yi suka ku sassauta, amma ko a sassautawar diddige yana ƙasa.

Kafin ku sauko daga gado da asuba, ku miƙe ƙafa, ku zarga tawul ko mayafi a ƙarƙashin yatsu, ku jawo wajenku daƙiƙa 30, gwiwa a miƙe. Wannan yana rage sukar takun farko. Da yamma ku sa gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙasa, ku murza ta da tafin ƙafa minti 10. Ku bar yawo ba takalmi a kan tayil ko a cikin ɗaki, ku nemi takalmi mai kaurin ƙasa da laushi. Ana sayar da matashin roba na diddige a saidaliyya, wato kantin magani, a sa a takalmi biyun, ba ɗaya ba.

Yanzu kuma sai na yi faɗa. Wasunku kwana uku suke yi su bari, su ce bai yi aiki ba. Jijiyar da ta yi shekaru tana ɗaukar nauyi ba ta warkewa a kwana uku. Makonni ake yi kafin a ga sauƙi, warkewa sarai kan ɗauki watanni, wani har shekara, kuma mafi yawan mutane suna warkewa ba tare da tiyata ba. Wasu kuma da an ɗauki hoto an ga ɗan tsinin ƙashi a diddige sai hankali ya tashi. Mutane da yawa suna da wannan tsini ba sa jin komai. Kada ku matsa wa likita sai ya yi muku allura a diddige. Tana kwantar da ciwo na ɗan lokaci, amma in aka yawaita ta tana raunana jijiyar. Ku koma bango, diddige a ƙasa.

Darasi na 3: Targaɗe

Yawanci ƙafa ciki take gurɗewa, jijiyoyin idon sawu na waje su ji rauni, wurin ya kumbura. A kwana biyun farko a rage tafiya. A naɗe ƙanƙara a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, bayan kowace awa 2 ko 3. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. A naɗa bandeji daga gindin yatsu zuwa saman idon sawu. In yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, bandejin ya yi tsauri, a kwance shi. In an kwanta a ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu.

Don Allah ku daina gasa sabon targaɗe da ruwan zafi, ku daina kai shi a murza a ja. An sha faɗa. Kumburi yake ƙarawa, in kuma akwai tsagewar ƙashi an ɓata ta.

A tafi a ɗauki hoto in mutum ya kasa yin taku 4, ko in an danna bayan ƙashin idon sawu ya yi zafi, ko ƙashin gefen ƙafa na waje, ko ƙafar ta karkace. In ba haka ba, bayan kwana biyu ko uku a fara juya ƙafar a hankali, a fara takawa. In ciwo ya lafa a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, ana dafe da bango, don kada targaɗen ya riƙa dawowa.

Darasi na 4: Ƙwayar rage ciwo

Ku duba kwalin farasitamol. In an rubuta 500, babba yana shan ƙwaya 1 ko 2, sai bayan awa 4 zuwa 6 ya ƙara, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya, dare da rana. Ibuprofen bayan cin abinci ake sha. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha sai likita ya ce.

Darasi na 5: Ciwon da ba na jinya a gida ba

Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ke mutuwa ko zafi kamar barkono kada ya sa ƙanƙara ko ruwan zafi, kada ya taka kwalta da rana ba takalmi, domin tana ƙone shi bai ji ba. Ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, ko ɗan ƙurji ya gani ya tafi asibiti ranar.

Babban yatsa ya kumbura cikin dare, ya yi ja da zafi: yana iya zama nikiris, wato wani ciwon gaɓoɓi. A ga likita, a rage hanta da jan nama da lemon kwalba.

Sharaɓa ɗaya ta kumbura bayan doguwar tafiya a zaune, ko an ji agara ta yi ƙara kamar an tsinke igiya, ko kumburi da zazzaɓi: asibiti nan take. Lambar neman shawara ta Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ita ce 937.

Aikin gida: kowa ya rubuta 30, 3 da 937 a littafinsa, ya zo da takarda guda don gwajin diddige.