Yadda Ake Zaɓar Katin Biyan Kuɗi A Ƙasar Waje: Na Bashi Ko Na Cire Kuɗi

Sau biyu ina ganin abokan tafiyata a Umara sun yi cirko-cirko gaban teburin otal a Makka saboda kati. Kuɗinsu na cikin asusu, amma ba sa taɓuwa. Ni ma abin ya taɓa cina, don haka ga yadda nake tsara katunana yanzu.

Da farko duba tambarin da ke fuskar katin. In ba Visa ko Mastercard ba ne, bar shi a gida. AfriGo, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2023, na kasuwar cikin gida ne, Verve kuma wurare da dama a waje ba sa karɓarsa.

Na biyu, je banki da ƙafarka ka tambayi nawa aka yarda ka kashe a waje da katin naira. A 2022 bankuna sun rage iyakar har ta koma dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da nasa ƙa'idar. Kada ka dogara da abin da maƙwabcinka ya gaya maka bara. Ni dai ra'ayina, mai tafiya ya buɗe asusun dala ya karɓi katinsa. Akwai ɗan kuɗin kati da na kula da asusu, amma bai kai wahalar da zai ɗauke maka ba.

Na uku shi ne inda mutane ke faɗuwa, kuma nan zan daɗe. Otal da kamfanin hayar mota ba kuɗin kwana kaɗai suke cira ba. Suna riƙe wani adadi a matsayin jingina, ko da za ka fasa wani abu ko ka ci abincin ɗaki. In katin cire kuɗi ka miƙa, daga cikin kuɗinka na zahiri za a riƙe. Alat zai shigo kamar an cire, ragowar asusunka ta ragu, kuma ba za ka iya taɓa wannan kason ba sai an sake shi. Ni na miƙa nawa a wani otal, na'ura ta ƙi, yaron ya sake gwadawa, ashe duka biyun sun riƙe. Kuɗin guzurina da na tsarabar iyali suka maƙale. Otal suka ce sun saki, banki suka ce in jira. Sai da na dawo Kano da kusan mako biyu kuɗin suka dawo, kuma irin wannan riƙo yana iya kaiwa wata guda. Da katin bashi na ba su, wato wanda banki ke ba ka rance ka kashe ka biya daga baya, kuɗin banki za a riƙe, iyakar bashina ce kawai za ta ragu na ɗan lokaci.

Saboda haka ƙa'idata ita ce: otal, hayar mota, tikitin jirgi, da sayayya a shagon intanet da ba ka sani ba, katin bashi. In an yi maka damfara ko kaya ba su iso ba, za ka shigar da ƙorafi kuɗinka na hannunka. Da katin cire kuɗi ma ana ƙorafin, amma kana jira ne aljihu wayam.

Na san inda zuciyar mai karatu ta tafi, wato riba. Katin bashi ba ya hawa ruwa in ka biya duk abin da ka kashe kafin ranar da aka yanka maka. Amma sharaɗin ruwan yana cikin takardar da za ka sa wa hannu, kuma malamai da yawa ba su yarda da shiga irin wannan yarjejeniya ba. Ka tambayi malaminka kafin ka nema. In ka bar katin bashin, ko bankinka bai ba ka ba, ka zuba kuɗin tafiyar kaɗai a katin dala, ka roƙi otal su karɓi jinginar da tsabar kuɗi. Da yawa suna yarda. Kuma in na'ura ta ƙi sau ɗaya, kada ka bari a sake sa katin sai ka duba wayarka.

Cire tsaba a ATM kuwa aikin katin cire kuɗi ne. Da katin bashi, ruwa yana fara hawa tun ranar da ka cira, ga kuɗin caji.

Saura ƙanana. In na'ura ta tambaye ka riyal ko dala, zaɓi riyal. Kullum kuɗin ƙasar da kake ciki, domin canjin na'urar ya fi na bankinka tsada. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, lissafin ba wuya. Ka tabbata layin wayar da banki ke turo maka lambar sirri ta tabbatar da biya yana aiki a can, ko ka sa banki su riƙa turo ta ta imel. Ka riƙe kati biyu na bankuna daban, ɗaya a aljihu, ɗaya a jaka tare da fasfo.