Yadda Ake Koya wa Yaran Firamare Sa Waƙafi a Jerin Abubuwa

Shekarar da na fara riƙe aji uku, na koyar da waƙafi yadda aka koya mini. Na ce wa yara duk inda za su ja numfashi, su sa waƙafi. Washegari wata yarinya ta miƙo mini littafinta, ga abin da ta rubuta: "A, cikin, jakata, akwai, jan, biro, da, littafin, lissafi." Ban yi mata faɗa ba, don ba ta saɓa wa maganata ba ko kaɗan. Karatunta kalma-kalma ne, tana bi da yatsa, kuma bayan kowace kalma sai ta tsaya ta numfasa. Inda ta numfasa, nan ta ɗiga waƙafi. Tun daga ranar na daina yi wa yaro maganar numfashi, kuma duk sabon malamin da aka haɗa ni da shi, wannan nake fara hana shi.

Gaskiya ne sunan alamar daga tsayawa ya samo asali, domin waƙafi kalmar Larabci ce mai nufin dakatawa. Amma a cikin jeri aikinsa raba kaya ne: ya nuna inda abu ɗaya ya ƙare, wani ya fara. Yaron da bai iya gane abubuwa nawa ne a jimlarsa ba, ko ka shekara kana nanata masa ƙa'ida, inda ya ga dama zai sa alamar.

Ba zan tsaya kan babban baƙi da aya ba. Yaron da bai san inda jimla take ƙarewa ba, bai isa waƙafi ba tukuna, a koma da shi baya.

Abin da za ka tanada kaɗan ne: tsohon kwali, almakashi da maka, wato alƙalami mai rubutu da kauri. Ka yanka kwalin gida biyu, manyan katuna masu tsawon tafin hannu da ƙanana kamar rabinsu. A kan wasu ƙananan ka zana waƙafi ƙato, a kan wasu ka rubuta "da". Kada ka kashe kuɗinka wajen sayen hotunan bango masu launi. Na taɓa liƙa irinsu, yara suka kalle su kwana biyu, daga nan suka zama ɓangaren bango. Abin da yaro ya riƙe a hannunsa ya fi zama a kansa.

Mataki na farko, a ajiye biro. Ka ɗauko abubuwa huɗu daga kan teburinka ka jera su a gaban aji, ka bar tazara tsakaninsu: littafi, alli, rula, agogo. Ka tambayi yara abubuwa nawa ne, za su ce huɗu. Sai ka sa hannunka a tsakanin littafi da alli ka ce wannan gurbi ne, gurbi nawa muke da shi? Wasu za su ce huɗu, wasu biyar, don suna ƙirga gaban na farko da bayan na ƙarshe. Ka bar su su zo su sa hannu da kansu har su yarda uku ne. Kada ka yi gaggawar wuce nan. Yaron da ya ga da idonsa cewa babu gurbi kafin abu na farko, ba zai rubuta "Na ga, littafi" ba, wanda ya ga babu gurbi bayan na ƙarshe kuwa ba zai sa waƙafi gab da aya ba.

Daga nan sai ƙa'ida, kuma guda ɗaya tak nake bayarwa: kowane gurbi sai an sa masa mai gadi, ko waƙafi ko "da". Ka rubuta sunan kowane abu a kan babban kati, yara huɗu su riƙe su tsaya a jere, wasu uku su shiga tsakaninsu da ƙananan katuna. Aji ya karanta: "Na ga littafi, alli, rula da agogo." Ka cire yara biyu masu riƙe da rula da agogo, a bar littafi da alli kawai. Gurbi ɗaya ya rage, "da" ya tsare shi, babu wurin waƙafi. Ta haka suke gane cewa abu biyu ba sa buƙatarsa, ba tare da ka ce komai ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, kuma nan ne na fi daɗewa a kowace shekara. Muddin kowane abu kalma ɗaya ce, yara duka za su ci, malami ya ɗauka an gama. Abin da da yawansu suka koya a ɓoye shi ne waƙafi yana bin kowace kalma. Ranar da ka ba su "jan biro" ko "littafin lissafi" ko "jakar makaranta", asiri zai tonu. Za ka ga "jan, biro, littafin, lissafi". Don haka tun a rana ta biyu nake shigo da abubuwa masu dogon suna, ba na jira sai kuskuren ya yi jijiya.

Ga yadda nake yi. Na ɗaga jan biro na tambaya, abu nawa ne a hannuna? Ɗaya. Kalma nawa muka kira shi da ita? Biyu. Kati nawa za mu ba shi? A nan aji yakan rabu, kuma ina son rabuwar. Nakan bar mai cewa biyu ya zo, in ce masa to riƙe "jan" a hannun dama, "biro" a hagu, nuna mini wanne ne "jan" a kan tebur. Zai duba ya rasa. Sai ya yarda da kansa cewa kati ɗaya ne, kalmomin biyu a kansa. Abu ɗaya kati ɗaya, komai tsawon sunansa, kuma ba a yanka kati a cusa waƙafi a cikinsa.

Bayan sun saba da kalma biyu, ka ƙara tsawo: "kujerar da ta karye", "agogon bangon ajinmu". Sannan ka kawo wanda ya fi ruɗa su, wato abin da yake da "da" a cikin sunansa. Rubuta wannan a allo babu alama ko ɗaya: Ya zana mota tuta mai ja da fari jirgi da gida. Ka ce kowa ya zana abin da jimlar ta faɗa kafin ya taɓa waƙafi. Zane huɗu za su fito: mota, tuta, jirgi, gida. Babu yaron da zai zana "fari" shi kaɗai. To "da" ɗin da ke tsakanin ja da fari yana cikin katin tuta, ba mai gadin gurbi ba ne. Jimlar ta zama: "Ya zana mota, tuta mai ja da fari, jirgi da gida." Wannan zanen yakan ci minti goma sha biyar, amma ban san wata hanya da ta fi shi ba. In lokaci ya ƙure maka, gara ka rage aikin gida da ka tsallake shi.

Wata magana kan "da" da ya kamata malami ya sani ko da bai faɗa wa 'yan aji uku duka ba. Hausa ba ta ƙyamar maimaita shi. "Na ga littafi da alli da rula da agogo" jimla ce lafiyayya, har ma ana iya farawa da shi a ce "da ni da kai da ita". Idan yaro ya rubuta haka, kada ka ja masa jan biro, kowane gurbi yana da mai gadinsa. Salon jera abubuwa da waƙafi a bar "da" sai a gurbin ƙarshe ya yawaita a rubutun yau, shi ma karɓaɓɓe ne. Abin da ba na yarda da shi a ajina shi ne a cakuɗa su barkatai a jimla ɗaya, da kuma sa waƙafi bayan "da". Wannan na biyun ba ni da sassauci a kansa. "Rula da, agogo" kuskure ne a kowane hali.

Mataki na gaba shi ne jerin ayyuka, kuma a ganina nan ne waƙafi ya fi amfani a Hausa, domin "da" ba ya haɗa aikatau, wato kalmomin aiki. Ba a cewa "ya tashi da ya wanke fuska". Yara sun san haka a bakinsu, shi ya sa suke cika labarinsu da "sai": ya tashi sai ya wanke fuska sai ya sa takalmi sai ya fita. Ka sa yaro ɗaya ya yi ayyukan a gaban aji, sauran su ɗaga yatsa duk lokacin da ya fara wani aiki. Yatsu huɗu, katuna huɗu, gurbi uku. A cire kowane "sai" a sa waƙafi: "Ya tashi, ya wanke fuska, ya sa takalmi, ya fita." Ka nuna musu cewa ƙaramar kalmar nan "ya" ko "ta" ko "suka" ita ce ƙofar kowane sabon kati. In sun gan ta ta dawo, su duba bayanta, galibi akwai gurbi.

Siffar alamar ma a duba ta, amma minti biyar ya isa. Waƙafi a kan layi yake zama, wutsiyarsa ta leƙa ƙasa. Wasu yaran sukan ɗaga shi sama ya koma kamar alamar da ke cikin "ma'ana" ko "'ya'ya", wasu su manta wutsiyar ya zama aya. Wanda ya saba da rubutun Larabci yakan juya shi, wutsiya ta kalli sama, saboda a Larabci haka ake rubuta shi. Waƙafi yana manne da kalmar da ta gabace shi, tazara tana bayansa.

'Yan aji biyar da shida kuwa, su ne za ka nuna wa inda waƙafi da "da" suke tsare gurbi ɗaya tare, wato idan katunan sun yi tsawo: "Mun ga direban da ya kawo littattafai, da malamin da ya karɓe su, da yaran da suka shigar da su aji." Cire waƙafan ka ba su su karanta, "da" ɗin zai yi musu yawa har su rasa wanne ne mahaɗi.

A darasin Turanci katunan nan dai za ka ɗauko, sai dai can galibi ba a maimaita mahaɗi, wato "and", a kowane gurbi, na ƙarshe kaɗai yake samunsa. Ko a sa waƙafi kafin mahaɗin ko kada a sa, masu harshen ma sun rabu. Ana kiransa waƙafin Oxford saboda maɗaba'ar jami'ar Oxford da ta riƙe shi, yawancin littattafan Amurka suna sa shi, jaridun Ingila da yawa ba sa sawa. Manyan yara nakan ba su labarin direbobin wani kamfanin madara a jihar Maine ta Amurka, da suka kai ƙara kan kuɗin aikin bayan lokaci. Rashin wannan waƙafi a jerin ayyukan da dokar jihar ta lissafa ya sa kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansu a 2017, a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Ka bi salon littafin da ajinka yake amfani da shi, kada ka canja a tsakiyar zango.

Wajen duba aiki, kada ka gyara wa yaro waƙafinsa. Ka ja layi ƙarƙashin jimlar, ka rubuta a gefe "abu nawa?", ka mayar masa. Ya zagaye kowane abu da fensir, ya ƙirga gurabe, ya kawo maka. Jimla uku a rana na tsawon mako biyu sun fi ashirin a zama ɗaya, kuma a cikin ukun nan ka tabbata ɗaya tana da abu mai dogon suna.