Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Kayyade Shan Kofi

Mace mai ciki ba ta bukatar daina shan kofi gaba ɗaya, amma likitoci da dama suna ba da shawarar kada sinadarin kafin (caffeine, wanda ke cikin kofi) da take sha ya wuce miligiram 200 a rana, wato kimanin kofi biyu na garin kofi mai narkewa. Dalili shi ne wannan sinadarin yana ratsa mahaifa ya kai ga jariri, kuma jikin uwa yana jinkirin fitar da shi, musamman a watannin ƙarshe. Ki riƙa lissafa shayi, lemun kwalba mai kola da cakulan, domin su ma suna ɗauke da shi. Idan kin saba sha da yawa, ki rage a hankali, don yankewa lokaci guda yakan jawo ciwon kai.