ABU ko KASU? Kurakuran da ake tafkawa wajen zaɓar jami'a don karatun kasuwanci

Da zarar JAMB ta buɗe rajista, muhawara ɗaya ce ke tashi a gidaje da yawa, tun daga Rigasa har Unguwar Rimi. Yaro na son karanta akanta ko harkar kasuwanci, an tsaya tsakanin ABU Zariya da KASU, Jami'ar Jihar Kaduna. Kawu ya ce, "ABU ce makaranta, can muka yi." Mama ta ce, "A bar min shi nan kusa da ni." Shi kuwa yaron, can ƙasan ransa, inda abokinsa ya cike yake so. Da wuya ka ga wanda ya ɗauko takarda da biro ya jera makarantun biyu gefe da gefe, alhali yawancin kurakuran da ke tafe rashin wannan takardar ne ke jawo su.

Sayen suna maimakon duba sashe

An kafa ABU a 1962, KASU kuma a 2004. Wannan tazarar tana da amfaninta: tsofaffin ɗaliban ABU sun cika bankuna da ma'aikatu, kuma sunan kan buɗe ƙofa. Amma ba jami'a gaba ɗaya za ka karanta ba, sashe ɗaya za ka zauna shekara huɗu. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu ta CCMAS a ƙarshen 2022, kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa iri ɗaya ne a duk jami'o'in ƙasar nan, kashi 30 ne kowace jami'a ke tsarawa da kanta. Ke nan ginshiƙan akanta da lissafin kasuwanci da dokokin kamfani, abin da ɗalibin Zariya zai karanta shi na Kaduna zai karanta. Bambancin yana wajen wanda ke koyarwa, da yawan mutanen da ke cikin aji, da yadda ake fitar da sakamako.

Gyaran kuwa ba wuya. Fara da duba matsayin kwas ɗin a wajen NUC, don ba jami'a ake ba amincewa a dunƙule ba, kwas-kwas ake bi. Cikakkiyar amincewa tana ɗaukar shekara biyar, ta wucin gadi shekara biyu, wanda aka hana kuma sai ya dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Bayan haka nemi ɗalibi ɗan aji uku a sashen, ba ɗan aji ɗaya da har yanzu ɗoki bai sake shi ba, ka yi masa tambayoyin da ba a rubutawa a allon sanarwa. Ku nawa ne a ajinku? Wanda ya zauna a baya yana jin lakcara? Sakamakon zangon da ya wuce ya fito kafin ku shiga na gaba? Idan maki ya ɓata, wata nawa ake yi kafin a gyara? Amsoshin nan sun fi duk wani jadawalin "jami'o'in da suka fi fice" da ake yaɗawa a WhatsApp.

"Ai duk kasuwanci ne"

Ba duk ɗaya ba ne. Akanta daban, gudanar da kasuwanci daban, banki da hada-hadar kuɗi daban, tattalin arziki daban. Akwai kuma kwas ɗin gudanar da mulki, wanda sunansa na Turanci ke kama da na gudanar da kasuwanci, har wasu kan karɓe shi suna murna, sai an shiga aji su tarar maganar aikin gwamnati da ƙananan hukumomi ake yi. Kwas ne mai daraja, amma ba shi mai son buɗe kamfani ya zo nema ba.

Tarkon da aka fi faɗawa shi ne wannan: jami'ar da ake so ta ba da wani kwas daban, sai a ce, "Shiga kawai, in ka je aji biyu ka canza." Canjin sashe yana yiwuwa, amma sai da gurbi, sai da maki mai kyau, sai kuma sassan biyu sun yarda, kuma sau da yawa yakan ci shekara guda. Idan ɗayar jami'ar ta ba ka ainihin kwas ɗin da kake so, a ganinmu ita ce a gaba, komai ƙanƙantar sunanta a bakin dangi.

Mai son zama akanta yana da ƙarin tambaya. Digiri kaɗai ba ya mai da mutum ƙwararren akanta. Sai ya bi ta ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci biyu: ICAN, ko kuma ANAN wadda kwalejinta ke Kwall kusa da Jos. ICAN takan yafe wa waɗanda suka fito daga sassan da ta amince da su wasu jarabawowi na matakin farko, abin da ke rage kuɗi da watanni. A tambayi ofishin sashe kai tsaye ko suna da wannan amincewar a yanzu, ba a shekarun baya ba.

Makin JAMB da zaɓi na farko

Nan ne aka fi yin asarar shekara. Abu na farko, haɗin darussa. Galibin kwasakwasan kasuwanci suna neman Turanci da lissafi da tattalin arziki a JAMB, sai darasi na huɗu daga cikin waɗanda aka amince. A WAEC ko NECO kuma ana son kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, a zama bai wuce biyu ba. Yaro ya tsere wa lissafi tun aji huɗu na sakandare, ya samu D7, wanda bai kai kiredit ba, sannan ya cike akanta: komai yawan makinsa na JAMB, na'ura za ta tsallake shi. Darasi na huɗun ma yakan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, shi ya sa sai an buɗe kundin JAMB da ke shafinta na intanet mai suna IBASS an karanta sharaɗin kowace ɗaya. Kada a bar wa yaron shagon intanet wannan aikin. Shi sauri yake, layi na jiransa.

Na biyu, mafi ƙarancin makin da jami'a ta sanar ba shi ne makin shiga sashe ba. Wancan izinin zuwa tantancewa ne kawai. Akanta da gudanar da kasuwanci suna cikin kwasakwasan da jama'a ke rububi, don haka ainihin makin da ake tsayawa a kai yakan haura wanda aka sanar sosai.

A jami'o'in tarayya irin ABU ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da ake lissafawa a baya a ilimi. Ɗan Kaduna yana da rabo a nan, amma ABU daga ko'ina a Arewa ake nemanta, gasar ba ƙarama ba ce. KASU kuwa ta jiha ce, 'yan asalin jihar ne a gaba, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma tana da nauyi. Galibin jami'o'in gwamnati da ake rububi ba sa waiwayar wanda ya sa su zaɓi na biyu. Saboda haka mai matsakaicin maki da ya kafe a kan inda gasa ta fi zafi yana iya tashi biyu babu. Idan sakamako ya fito bai kai yadda aka zata ba, JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas a cibiyoyinta da aka amince. A yi da wuri, kafin jami'ar da za a koma ta rufe rajistar tantancewa.

Sai CAPS, tsarin da JAMB ke bi wajen ba da gurbi tun 2017. Abu biyu ke kayar da mutane. Wasu ba su ɗora sakamakon WAEC ko NECO a can ba, suna ta jira, alhali ba a ma ganin sunansu. Wasu kuma da ganin an ba su gurbi sai su danna karɓa don zumuɗi, ba su karanta sunan kwas ɗin ba. Da ka karɓa, ka fita daga kasuwa, ɗayar jami'ar ba za ta iya ɗaukarka ba.

Lissafin kuɗin da ake yi rabi

Abin mamaki, masu shirin karanta kasuwanci su ne ke kwatanta makarantu biyu da kuɗin rajista kawai. Rajista kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya: an ƙara kuɗin manyan makarantun jihar Kaduna a 2021, aka rage na KASU da kashi 30 a 2023, jami'o'in tarayya da yawa su ma sun ƙara nasu a shekarun nan. A jami'ar jiha kuma abin da ɗan jiha ke biya daban da na wanda ba ɗan jiha ba. Dole a nemi jadawalin kuɗin wannan shekarar daga shafin makarantar.

Ga yadda ake lissafin sauran. Zango ɗaya yana da kamar mako 15 na lakca, kwana biyar a mako, zango biyu a shekara: kwana 150 ke nan, a shekara huɗu kwana 600. Ɗalibin da zai riƙa tasowa daga Rigasa ko Mando zuwa harabar KASU da ke titin Tafawa Balewa, kowace naira 100 da ke cikin kuɗin Keke Napep ɗinsa na rana naira 60,000 ce kafin ya gama. In yana kashe naira 1,000 zuwa da dawowa, naira 600,000 ke nan, ba a sa abincin rana ba. Na Zariya kuma nasa lissafin shi ne gado a hostal, wanda ba kowa ke samu kowace shekara ba, ko hayar ɗaki a Samaru, da gas da ruwa da cefane, da kuɗin mota daga tashar Kawo duk lokacin da aka yi kewar gida, tafiyar kilomita kusan 80. A rubuta kuɗin shekara ɗaya na duka biyun, a ninka da huɗu, sannan a ƙara shekara ɗaya ta ko-ta-kwana. A tabbatar kuma a wace haraba sashen yake, don ABU tana da Samaru da Kongo, KASU tana da Kaduna da Kafanchan. An sha kama ɗaki a inda ba nan ake lakca ba.

Rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024 ya sauƙaƙa wa ɗaliban makarantun gwamnati: babu kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, akwai naira 20,000 a wata na ɗawainiya, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Kuskuren shi ne a gina duk lissafi a kansa. Sai ka samu gurbi kake nema, kuma ba lallai ya iso kafin a rufe rajistar farko ba.

Zaman gida ba kyauta ba ne

Ana ɗauka wanda ya zauna gaban iyaye ya huta. Wani lokaci haka ne. Amma gidan da ke da shago a Kasuwar Barci ko Kasuwar Gumi, ɗalibi shi ne ɗan aike: "Tunda ba ka da lakca da safe, tsaya min a shago." Ga kai ƙanne makaranta, ga biki, ga suna. 'Ya mace kuma girki da wanke-wanke na jiranta ko gobe jarabawa. Duk wannan a maki yake fitowa.

Makin nan kuwa ba ya yafiya. A ma'aunin matsakaicin maki (CGPA) da ke tsayawa a 5.00, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, na biyu babba daga 3.50, na biyu ƙarami daga 2.40. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.50, in nauyin shekarun ya zo daidai, sai ya riƙe kusan 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya taɓa 3.50. Bankuna da manyan kamfanonin binciken kuɗi da yawa darajar digiri da shekarun haihuwa suke fara dubawa, kafin su dubi sunan jami'a. Don haka tambayar gaskiya ita ce: a ina wannan yaron zai fi samun natsuwar karatu? Akwai wanda nisa da gida ke gyarawa, akwai wanda yake lalatawa, iyaye kuma sun fi kowa sanin nasu. In an zaɓi zaman gida, a yi yarjejeniya tun farko: ranakun shago kaza, makon jarabawa babu aike.

A ɗaya gefen, zama a garin Kaduna yana da ribar da ake rainawa. Rassan bankuna na kan titin Ahmadu Bello da Yakubu Gowon, masana'antu na Kakuri, ga baje kolin ƙasa da ƙasa da ake yi a hanyar Zariya. Ɗalibin da ya samu wani ofishin akantoci yana zuwa koyon aiki lokacin hutu, ko ya karɓi littafin shagon gidansu ya mai da shi kan Excel, ya san bashi nawa ke waje da kayan da suka kwanta, zai fito da abin faɗa ranar ganawar neman aiki.

Yajin aiki da ƙofar baya

Wasu kan guje wa jami'ar tarayya don tsoron yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, kuma tsoron na da dalili: yajin 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Sai dai malaman jami'o'in jihohi ma 'yan ƙungiyar ne, kuma suna da nasu rigingimun na cikin gida. Ma'aunin da ya fi shi ne a tambayi waɗanda suka kammala kwanan nan a kowace makarantar: wace shekara kuka shiga, wace shekara kuka tafi bautar ƙasa?

Wanda bai samu gurbi ba kada ya saurari mai cewa, "Kawo kaza, ina da mutum a ciki." Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, sunanka ba zai shiga jerin ɗaliban JAMB ba, kuma sai ranar tura sunaye NYSC abin zai fashe. Haka karatun wucin gadi na yamma ko ƙarshen mako: digiri ne, amma takardar cirewa daga bautar ƙasa ake ba masu shi, ba kaki ba. Hanyoyin da suka tabbata su ne IJMB, jarabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ke kula da ita, ko difloma ta ND daga Kaduna Polytechnic, sannan a nemi shiga aji biyu kai tsaye ta JAMB. Gurabensu ba su da yawa, sai da sakamako mai kyau, kuma kowace jami'a tana da darajar diflomar da take karɓa, wadda ita ma a rubuce take a IBASS.