Canza shamfu ba ya tsiro da gashi, amma ga canjin da ke da amfani

Da zarar hunturu ya kama, tambayar da ta fi yawa a shagona ita ce: "Anti, gashina ya saba da shamfun nan, ko in canza?" Gashi ba ya sabo, 'yar'uwa. Silin da ya riga ya fito daga fatar kai ba shi da rai. Abin da ke faruwa shi ne man kitso, man kaɗanya, gumi da ƙura suna taruwa su lulluɓe shi. In ruwan unguwarku zartsi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, shi ma yana barin nasa. Sai gashi ya yi nauyi, ya dushe. Ranar da kika sa sabon shamfu mai ƙarfi ya kwashe dattin, sai ki ce canjin ne ya yi aiki.

Ni kwalba biyu nake sa mai busasshen gashi ta ajiye, kowacce da aikinta. Ta farko mai laushi, ta wankin kowane mako ko duk kwana 10. Juya bayan kwalbar ki karanta: in kin ga Sodium Lauryl Sulfate a sahun farko, wannan mai ƙarfi ce, tana kwashe maiƙon da fatar kai ke fitarwa. Gashinmu mai murɗiya ne, dama maiƙon da ƙyar yake kaiwa ƙarshen sili. Mai ƙarfin ita ce kwalba ta biyu, sau ɗaya a wata ya wadatar, ko ranar tsefe kitso.

Wajen wankin, ki raba gashin gida huɗu, ki yi amfani da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba. Fatar kai za ki cuɗa da tsokar yatsu, ban da farce; kumfar da ke gangarowa ta ishi jelar gashin. Ki bi da kwandishana, ki taje yana ciki da babban matajin nan mai manyan haƙora, daga ƙasa zuwa sama. Tun da sauran danshi ki shafa man kaɗanya ko man kwakwa kaɗan. Mai ba ya jiƙa gashi, riƙe ruwan da ke ciki yake yi, shi ya sa lafta shi a kan busasshen kai ba ya hana karyewa.

Kada ki raina karkashi. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace, ki wanke kai. Yana warware cuɗewa fiye da shamfu masu tsada da yawa, matan Chadi ma da shi suke yi. Sabulun wanki kuwa, don Allah ki bar wa tufafi.

Mai amosani ce ke da cikakken dalilin karɓa-karɓa. Shamfu mai ketoconazole, irin su Nizoral, sau 2 a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye. In ya lafa sai a koma sau ɗaya a mako ko mako biyu, sauran wankin da mai laushi, domin mai ketoconazole ɗin yana busar da gashi.

Zubewa kuma daban ce, kuma a nan ne nake jin takaicin kuɗin da mata ke zubarwa. Sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kuma ranar tsefewa na makonni ne kike gani a lokaci guda. Ki duba abin da ya zubo: gajeru marasa saiwa karyewa ce, daga bushewa ko rilaksa, a nan tsarin wankin da na faɗa a sama zai taimaka. Dogaye masu ɗan farin kai daga tushe suka fito, shamfu ba ya kaiwa can. Mai jego takan ga irin wannan zubewar wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, yawanci gashin ya dawo kafin yaro ya shekara. Zazzaɓi mai tsanani kamar taifot yana jawo ta bayan wata 2 ko 3. Ƙarancin jini ma haka.

In gaban goshi ne ke cinyewa, kitson ne. Wanda ya hana ki barci ko ya fito da ƙuraje ya yi tsauri, ki tsefe shi, ki kuma sassauta ɗaurin ribom a ƙarƙashin hijabi. In aka daɗe ana ja, saiwar takan mutu gaba ɗaya. Rilaksa kada ta gaza mako 8 tsakani, kuma a sabon tsiro kaɗai.

Gashi kusan santimita 1 yake yi a wata, don haka ki ba kowane tsari wata 3. Amma in kin ga fili zagayayye sumul, ko tsakar kai na zafi da ƙaiƙayi gashin wurin yana raguwa, ko zubewar ta haura wata 6, ki je wurin likitan fata a auna miki jini. Minoxidil, maganin tsiro da gashi, shi ma ki bari sai ya rubuta, musamman in kina da ciki ko kina shayarwa.